Harafi Ɗaya Da Gwajin Jini Kafin Aure



A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin amosanin jini, wato sikila. Ina goyon bayan dokar. Sai dai na lura a nan Kura da Bunkure da yawanmu mun ɗauke ta takarda ce kawai da ake miƙa wa liman ranar ɗaurin aure. A ganina wanda ya san asalin cutar ba zai yi mata wannan riƙon sakainar kashi ba.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin da yawansu akwai wani dogon rubutu da masana ke kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal: A da T da G da C. Layi biyu ne a murɗe kamar igiya, A ba ta zama sai daura da T, G kuma sai daura da C. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai igiyar ta warware, kowane layi ya zama asali a rubuta masa sabon abokin zama. Watson da Crick suka bayyana siffar igiyar a 1953, Meselson da Stahl suka tabbatar da hanyar kwafin a 1958.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dubawa. Sinadarin da ke yin kwafin, idan ya ajiye harafin da bai dace ba, yakan ja baya ya kankare shi, sa'annan wasu masu gyara su biyo sawunsa, tamkar yadda alaramma ke kammala rubutu ya miƙa wa mahaddata su bi masa. Haruffa kusan biliyan 3 daga uwa, wasu biliyan 3 daga uba, amma kuskuren da ke tsallake duba bai wuce kamar ɗaya cikin biliyan ba.

To, amosanin jini harafi ɗaya ne. A wurin da ke tsara sinadarin jan jini, T ta zauna a gurbin A, shekaru dubbai da suka wuce. Da zarar canji irin wannan ya zauna, mai kwafi ba ya ganin sa kuskure, yana isar da shi da amanar da yake isar da sauran. Wanda ya gaji harafin ta ɓangare biyu, ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Wanda ya gaji ɗaya, mai AS, yana da kariya daga matsanancin zazzaɓin sauro, kamar yadda Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Shi ya sa harafin ya yaɗu a ƙasashen sauro, har kusan ɗaya cikin 'yan Najeriya huɗu na ɗauke da shi. Mu da ke kwana kusa da gonakin shinkafa da ruwan Tiga ba sai an kwatanta mana sauro ba, kodayake harafin ya girmi madatsar nesa ba kusa ba.

Ya ɗan'uwa, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, ba wai ɗa na huɗu ne zai kamu ba. Ana iya samun uku a jere. Kuma rabin gadon daga uba yake, don haka zalunci ne dangin miji su ɗora wa uwa laifi ko su ce maita ce. Gwaji bai saɓa wa imani da ƙaddara ba, riƙo ne da sababi. Amma lokacinsa shi ne kafin manya su shiga magana. Bayan an sa rana, an kai lefe, an sayar da buhunan shinkafa an yi kayan ɗaki, kaɗan ne waliyyan da za su iya karanta sakamakon su ce a dakata.