Duniya na da kiɗinta, amma ba ya ɗaga dutse

Wani zance yana yawo cikin wayoyin hannu: wai duniya tana da amo nata na asali, kuma wanda ya san sirrinsa yana iya kashe nauyi, ya ɗaga dutse sama da sauti kawai. Har ana saida ƙananan na'urori masu ɗauke da lamba 7,83, ana cewa suna kawo barci da lafiyar jiki. Kafin ɗan kasuwa ya sari wannan haja, ko ma'aikaci ya zuba mata albashinsa, ya kamata a rarrabe tsaki da tsakuwa.

Lambar dai gaskiya ce. A shekarar 1952 wani malamin kimiyya na birnin Munik a ƙasar Jamus, Winfried Otto Schumann, ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin da ke tsakanin doron ƙasa da wani rufin iska mai ɗauke da lantarki, wanda ke farawa wajen kilomita 60 a sama, yana aiki tamkar cikin ganga. Wannan rufin ne ke maido da muryar gidajen rediyo na nesa a kan gajeren zango. Makaɗin gangar kuwa walƙiya ce, wadda ke faɗuwa kamar sau 50 cikin kowane sakan a faɗin duniya. Igiyar da take haifarwa tana gudun haske, kilomita 300.000 a sakan, kewayen duniya kuma kilomita 40.000 ne, saboda haka tana zagayowa wajen sau bakwai da rabi cikin sakan guda. Da aka auna a Amurka a 1960, an samu kusan takwas, kuma awon da ya biyo baya ya tsaya a kan 7,83. Afirka na cikin manyan wurare uku da suka fi kaɗa wannan ganga, musamman yankin kogin Kwango. Hadarin damanarmu ma yana sa hannu.

To, amma wannan kiɗi ba sauti ba ne. Dangin igiyar rediyo ne, kunne ba ya jin sa, kuma rauninsa ya kai sai an kafa na'urar awo nesa da gari da wayoyin lantarki kafin a kama shi.

Ɗaga abu da sauti shi ma gaskiya ne. Duk wanda ya ga ƙwayar gero tana tsalle a kan fatar ganga ya san sauti na da ƙarfin turawa. Masu bincike sukan haɗa ƙananan lasifikoki suna fuskantar juna, suna bugu sau 40.000 a sakan, sai a samu wasu gurabe a cikin iska inda ɗigon ruwa ke tsayawa cak. A 2016, a jami'ar Sawo Polo ta ƙasar Barazil, an ɗaga wata ƙwallon soso mai faɗin santimita 5, nauyinta bai kai garam biyu ba, kuma aka ɗauki hakan babbar nasara. Amfanin aikin shi ne nazarin magunguna ba tare da sun taɓa kwano ba. Nauyi kuwa yana nan daram: iska ce ke tallabe abin, kamar yadda guguwa ke ɗaukar leda. A kashe na'urar, ya faɗo. A zuƙe iskar, ba ya ma tashi.

Ashe gaskiya biyu ne da ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, aka ɗaura musu aure don a samu kasuwa. Mai saye yana da haƙƙin tambaya uku: wa ya auna, garam nawa aka ɗaga, wa kuma ya maimaita gwajin ya samu daidai? In babu amsa, kuɗi su zauna cikin aljihu, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.