Mai Sayen Auduga Da Hakkin Gona

A da, hukumar cinikin auduga ke kula da irin da manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke shukawa. Da aka rushe ta a 1986, ciniki ya koma hannun kamfanoni da dillalai, yawancinsu kuwa sikeli kaɗai suka sani. Iri ya gauraye, gona ta gaji, ba mai tambaya.

A 2017 Starbucks, kamfanin shagunan gahawa na Amurka, ya yi alkawarin raba wa manoman gahawa dashe miliyan 100, don ya san in gona ta mutu, shago ya mutu.

To, masu sayen auduga su ma su kawo iri da taki tun bazara. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.