Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba

Tun da jaridar Haske ta fito a Yamai a shekarar 1990, babban taron ƙasa na 1991 kuma ya buɗe bakin kowa, jaridu masu zaman kansu suka yawaita a Nijar. Da yawa daga cikin ma'aikatansu ba a makaranta suka koyi aikin ba, a gaban shugaban jarida suka koye shi. Don haka yadda yake duba rubutunsu ya shafi duk mai fidda kuɗinsa ya sayi jarida.

Akwai shugaban da zai karɓi labari, ya soke rabinsa da jan biro, ya sake masa kai, ya aika gidan bugu bai ce wa marubucin uffan ba. Akwai kuma wanda ba ya karantawa sam, sai ranar da sammaci ya iso ya tashi da faɗa. Dukansu biyu ba su koya wa kowa komi ba.

A ganinmu, gyara na gaskiya kafin bugu ake yin sa, a zaune, da tambayoyi uku. Wa ya gaya maka? Ka ga takardar da idonka? Ka ji ta bakin wanda ake zargi? In ɗan jarida ya rubuta cewa tiyar hatsi ta tashi a kasuwar Maraɗi, a tambaye shi ranar da ya je da rumfuna nawa ya zaga. In ya ce wani ma'aikacin duwan ya ci hanci, a riƙe labarin sai shaida ta samu. Sunan ɗan kasuwa jarinsa ne, mutuncin ma'aikaci abincin iyalinsa ne. Magana kuwa zarar bunu ce.

Ga kuma doka. A 2010 an cire ɗauri daga laifuffukan jarida, amma a 2024 an maido da shi kan ɓata suna ta intanet. Layin da shugaba ya ƙyale yau, shi ne zai iya kai yaronsa gidan kaso gobe.

In kuskure ya riga ya fita, a tsawata wa marubuci cikin ɗaki, shugaba ya ɗauki laifin a bainar jama'a, ya buga gyara a fitowa ta gaba. Babba juji ne. Wanda kuma bai biya albashi ba, ba shi da bakin hana yaronsa karɓar kuɗin goro.