Kambin Kyau da Dashen Itace: Darasi Daga Filifin

A ƙasar Filifin akwai wata gasar sarauniyar kyau da ake kira Miss Philippines Earth, wadda ta ɗaura wa kanta ɗamarar wayar da kan jama'a game da muhalli. Kowace shekara 'yan mata daga birane da larduna sukan hallara, a gwada su a ado da magana, a tambaye su game da shara da gurɓatar ruwa da sauyin yanayi, a fita da su dashen itatuwa da kwashe bola a bakin teku. Wadda ta yi nasara ita ke wakiltar ƙasar a babbar gasa ta duniya, wato Miss Earth, wadda kamfanin Carousel Productions ya fara shiryawa a shekarar 2001. Nijeriya ma tana cikin ƙasashen da suka sha tura wakiliya. Tun da yake ɗalibanmu mata suna ganin irin waɗannan bukukuwa a wayoyin gidajensu, ya kamata mu malamai mu san abin da za mu ce idan an tambaye mu.

Adalci shi ne a fara da faɗin abin da ya sa gasar ta samu gindin zama a can. Filifin tarin tsibirai ce sama da 7,000, kuma guguwar teku kusan 20 ke shiga yankinta duk shekara. A watan Nuwamban 2013 guguwar Haiyan ta kashe mutane fiye da 6,000, ta kuma raba miliyoyi da gidajensu. Ƙasar tana cikin waɗanda kogunansu suka fi zubar da leda da robobi cikin teku. Ga mutanen da ke rayuwa cikin wannan hali, maganar muhalli maganar rai da mutuwa ce. Mutanen Filifin kuwa suna da son gasar kyau kamar yadda matasanmu ke son ƙwallon ƙafa, don haka masu shirya gasar suka ga dacewar su ɗora saƙon a kan abin da jama'a suka riga suka zuba wa ido. Sau huɗu tsakanin 2008 da 2017 'yan ƙasar suna lashe kambin duniya, kuma wadda ta ci a 2017, Karen Ibasco, masaniyar kimiyyar fiziks ce a fannin lafiya. Wanda ya ce dukan 'yan takarar ba su da komai a ka sai kwalliya, bai yi musu adalci ba.

Duk da haka ina ganin tubalin da aka gina gasar a kansa bai dace da saƙon da take ɗauke da shi ba. Kafin yarinya ta samu damar yin magana a kan itatuwa, sai an fara auna surarta da shekarunta, har da fitowa cikin kayan ninƙaya a gaban alƙalai da 'yan kallo. Darasin da 'yar aji uku a sakandare za ta ɗauka daga nan a fili yake: sai jikinki ya burge kafin a saurari hankalinki. Mu kuwa kullum abin da muke ƙoƙarin cusa wa ɗalibai shi ne daraja tana ga ilimi da hali. A shekarar 2018 'yan takara daga Kanada da Ingila da tsibirin Guam sun fito fili sun zargi ɗaya daga cikin masu ɗaukar nauyin gasar ta duniya da neman yin lalata da su a Manila. Duk inda aka haɗa masu kuɗi da 'yan mata masu neman yardarsu, irin wannan haɗari ba ya nisa.

Matsala ta biyu ita ce gajartar lokaci. Sarauniya shekara ɗaya take yi, ta miƙa kambi ga wata. Itacen da ta dasa a gaban masu ɗaukar hoto yana bukatar wanda zai ba shi ruwa, ya kare shi daga dabbobi har ya kafu, kuma wannan aiki ba ya fitowa a talabijin. Hukumomin Filifin da kansu ba su bar wa gasa wannan nauyi ba. A 2008 suka kafa dokar da ta wajabta koyar da ilimin muhalli a dukan matakan karatu, a makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Wato ƙasar da ta fi kowa ɗaukaka sarauniyar muhalli ta san cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawar shi ne malamin aji.

A nan arewa mun san yadda batun gasar kyau ke tayar da jijiyar wuya. Ba mu manta da rikicin Kaduna na Nuwamban 2002 ba, lokacin da aka shirya gudanar da gasar Miss World a Abuja, aka rasa rayuka sama da 200, aka kuma mayar da bikin Landan. A Disamban 2021, da Shatu Garko 'yar Kano ta lashe gasar Miss Nigeria sanye da hijabi, an kwashe makonni ana cacar baki a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta. Iyaye suna da hujjar kishin tarbiyyar 'ya'yansu, kuma ba na kira da a shigo da irin wannan gasa makarantunmu ko da da sunan muhalli ne. Abin da nake tsoro shi ne mu ƙi gasar mu haɗa har da saƙon mu yar, alhali mu ne muka fi bukatarsa.

Hamada na cin gonaki a Yobe da Jigawa da Katsina da Sakkwato. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ya bar masunta da manoma da makiyaya suna rububin ragowar. Ambaliyar 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, ta mayar da makarantu da dama sansanin 'yan gudun hijira. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Malamin da ya taɓa koyarwa cikin aji mai rufin kwano a watan Afrilu, babu inuwa a harabar makaranta, ba ya bukatar sarauniya ta gaya masa cewa zafi ya ƙaru. Magudanan ruwan unguwanninmu kuma ledar ruwan sha ta toshe su, ciki har da wadda ɗalibanmu ke yarwa a lokacin tara.

Doka ma muna da ita. Dokar Sauyin Yanayi da aka sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta tanadi shigar da wannan ilimi cikin manhajar karatu a kowane mataki. Tun 2015 akwai hukumar ƙasa mai kula da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aikinta ya shafi jihohi 11 na arewa. To amma kyan alkawari cikawa. Malamin da ba a horar ba, wanda makarantarsa ba ta da rijiya ko katanga, wanda ke da yara fiye da ƙima a aji, ba zai raya lambu da takardar umarni ba. Wannan reshe namu yana da bakin da zai nemi abubuwa uku daga ma'aikatar ilimi da ƙananan hukumomi: horo ga malamai a kan darussan muhalli, ruwa a kowace makaranta, da irin dashe daga gandun rainon itatuwa na gwamnati a farkon damina, ba a ƙarshenta ba.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun farfaɗo da miliyoyin kadada tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma a gonakinsu suna yi musu sassabe. A Kenya, Wangari Maathai, wadda malamar jami'a ce, ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa tare da matan karkara a 1977, aikin da ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2004. Babu wanda ya auna tsayin waɗannan mata kafin a saurare su.

Abu ɗaya da ya kamata mu ara daga Filifin shi ne sanin cewa ɗan Adam yana son gasa da yabo. Saboda haka ina ba shugabannin reshe shawara su shirya gasa tsakanin makarantunmu. Kowane aji ya karɓi itatuwansa a watan Yuli, darbejiya ko zogale ko mangwaro, a rubuta adadinsu. Alƙalai su zagaya a watan Mayu, bayan rani ya gama gwada su, su ƙirga waɗanda suka rayu. A haɗa da tsaftar harabar makaranta da muhawara cikin Hausa da Turanci, maza da mata. Makarantar da ta zo ta ɗaya a karrama ta a taron Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, a gaban iyaye da masu unguwanni, a kira sunan malamin da ya jagoranci aikin da na ɗaliban da suka yi ta jigilar ruwa. Kuɗin da wannan zai ci bai taka kara ya karya ba, kuma kwamitin iyaye da malamai zai iya ɗaukar rabinsa. Ina roƙon a sanya wannan batu cikin ajandar taronmu na gaba, domin ba a fafe gora ranar tafiya, damina kuwa ba ta jiran kowa.