Filin Tarbiyya: Yaro da Wasiƙar Zamani



Da yawa daga cikinmu a nan Tahaggart mun taso muka tarar ana rubuta wasiƙa da hannu, a ba direban babbar mota ya bi da ita ta In Gezzam da Assamaka har Arlit ko Agadas, amsa kuwa sai bayan makonni. Wanda bai iya rubutu ba yakan je zauren malam, ko ya kira ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Intanet ta shigo Aljeriya a 1994 ta hannun cibiyar CERIST, sannan ta iso wayoyin hannu da tsarin 3G a ƙarshen 2013. Wasiƙar ta koma imel, amma har yanzu a gidaje da dama yaro ne mai rubutawa, shi ne mai karantawa. Ke nan asirin gida yana hannunsa. Wajibinmu ne mu zauna tare da shi mu koya masa wannan aiki, kada mu bar shi ya tsinto shi a bakin titi.

Na farko, adireshi. A nuna masa cewa kowane adireshin imel kashi biyu ne: sunan mai akwati, sai alamar @, sai sunan gidan da ke riƙe da akwatin. Ray Tomlinson ne ya zaɓi alamar a Amurka a 1971. A kwamfutocin da ke da allon rubutu irin na Faransa, ana samun ta in an danna AltGr tare da 0. A bar haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, wajen zaɓen adireshi. Kuskuren harafi ɗaya kuma yana iya kai saƙo hannun baƙo.

Na biyu, kalmar sirri. Ita ce makullin ɗaki. Kada ta zama sunansa ko shekarar haihuwarsa, kada ya ba aboki, in kuma ya yi aiki a shagon intanet ya rufe akwatinsa kafin ya tashi. Google ba ya yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya buɗe akwati shi kaɗai a yawancin ƙasashe. Saboda haka uba ko uwa su buɗe wa ƙaramin yaro, su kuma san kalmar.

Na uku, ladabi. Suratun Namli ta ba mu labarin wasiƙar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, zuwa ga sarauniyar Saba, wadda aka buɗe da sunan Allah. Yaro ya fara da sallama, ya gaida kawu ko gwaggo kamar yadda zai durƙusa gabansu, ya faɗi buƙata a taƙaice, ya sa sunansa a ƙarshe. Ya sani cewa abin da ya aika ba ya dawowa.

Na huɗu, bincike. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Saƙon da ya ce ka ci kyauta, ko ya nemi lambar katin Edahabia ta baba, ko ya yi alkawarin takardar zuwa Turai, yaro ya nuna wa babba kafin ya taɓa komai.

Uban da bai iya Faransanci ko Larabcin boko ba kada ya ji kunya. Zamansa kusa da yaron, yana tambaya "wa ya aiko?", "me ya ce?", shi kansa darasi ne. Rabin sa'a bayan La'asar ran Juma'a ya isa a fara, kuma wasiƙar farko ta tafi ga wani ɗan'uwa a Tawa ko Maraɗi, domin sada zumunci.

Allah Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.