Harsashin Giwa A Dajin Da Babu Giwa

Gardamar da ta shigo majalisun samari a Ketaren Gwari ta Minna, musamman waɗanda suka tashi a gidan farauta, ita ce ta manyan harsasan Turawa da ake kira magnum. Suna kallon maharban ƙasashen waje a waya, sa'an nan a zauna ana musu a kan wanne ya fi wani. Tun da abin ya kai ga rantse-rantse, bari mu sa baki.

Ita kalmar magnum daga Latin ta fito, ma'anarta babba. Watau harsashi ne mai ƙaton kwanso, mai cin albarushi fiye da na kullum. Dattijonsu shi ne .375 na kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda ya fito a 1912. Ƙwayarsa mai nauyin giram 19 takan bar bakin bindiga da gudun kimanin mita 770 a sakan guda. A 1956 kamfanin Winchester na Amurka ya fito da .458 musamman domin giwa da ɓauna. Ƙwayarsa ta kai giram 32, amma gudunta bai wuce kimanin mita 650 ba, saboda haka na kusa ne, kuma naushinsa a kafaɗa ba na yaro ba ne. A farkon fitowarsa ma ya sha suka, domin albarushin da aka danƙara a ɗan gajeren kwansonsa yakan dunƙule cikin zafin Afirka, ƙarfinsa ya ragu. Na ukunsu, .300 Winchester Magnum na 1963, ƙwayarsa ba ta cika giram 12 ba, amma tana gudun mita 900, ta tafi nesa a miƙe. Wannan na gwanki ne da barewa a fili, ba na tarar ɓauna a duhuwa ba.

In ra'ayina ake nema, .375 ya fi su duka, domin shi kaɗai ke aikin kusa da na nesa, shi ya sa ƙasashen Afirka da dama suka mai da shi mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari manyan namun daji da shi. To, amma ina amfanin wannan hukunci gare mu?

Da farko dai akwai doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na farauta, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai kuma bindigar toka, wadda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da masu gardamarmu ba su lura da shi ba, dokar ta lissafa bindigogi masu faɗin baki 7.62 da .300 cikin na soja. Ke nan wanda suka fi yabo ɗin ya faɗa layin haramtattu tun shekara huɗu kafin a ƙera shi. A 2023 kuma hukumar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai.

Na biyu, me za a harba? An yi harsasan nan ne domin giwa da ɓauna da zaki. 'Yan giwayen da suka rage a Arewa sai a Yankari ta Jihar Bauchi da wasu 'yan wurare, kuma doka ta kare su. Dajin Zugurma da na Borgu an haɗa su tun ƙarshen shekarun 1970 sun zama Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, inda farauta laifi ce. Maharbin da ya fita daga Minna a yau, in ya yi sa'a, gada zai samo, ko zomo, ko gyazbi. Wanda ya harbi gyazbi da .458 kuwa sai dai ya tsinci gashi.

Abin da ya kamata mu koya daga Turawan nan shi ne tara bindigogi da adana tarihinsu. Tsohon kamfani irin Holland & Holland yana riƙe da littafin da ya rubuta lambar kowace bindiga da wanda ya fara sayenta, har jikan mai ita yakan rubuta takarda ya nemi labarinta. Mu fa? Bindigar toka, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan 'yan Denmark saboda fataucinsu a gaɓar teku, ta daɗe da zama tamu. Maƙeranmu suka koyi ƙirarta, maharban Gwari da na Nupe da na Hausa suka naɗe ta da fata da layu, aka gaje ta daga kaka zuwa jika. Amma tsoho na rasuwa, sai ta koma bayan rumbu tsatsa ta cinye, ko a sayar wa 'yan gwangwan, ba wanda ya rubuta sunan maƙerin ko garin da aka ƙera ta.

Wannan sakaci ya wuce asarar tarihi. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin Sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, taron jama'a ya kashe mutum 16. Babu hujjar da za ta wanke wannan ta'asa. Amma ta nuna mun kai inda mutane da yawa ba su iya bambanta bindigar maharbi da ta ɗan fashi, alhali a ƙauyuka da dama na Jihar Neja maharban nan ne ke kwana a bakin gari suna gadi.

Saboda haka ina kira ga sarakunan maharba da Kwamishinan 'yan sanda na jihar su zauna su buɗe littafi guda: kowace bindigar toka a buga mata lamba, a rubuta mai ita da maƙerinta, a ba shi takarda mai hoto da zai nuna a hanya. Waɗanda suka tsufa ba su harbi kuwa, magada su miƙa su ga gidan adana kayan tarihi na Minna, a rataye kowace da sunan wanda ya riƙe ta.