Zauren Iyali: Daren da Aku Ya Yi Shiru

A wannan fitowa za mu ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu a nan Awendjé. Da farko mun ɗauke shi ƙaramin abu, sai da muka kwana a kansa muka ga ya shafi duk gidan da ake fatan yara su tashi da Hausa a bakinsu a wannan birni na Libreville.

Cikin babban hutun makaranta da ya wuce, lokacin ranin nan ƙasar da sama ke wuni a lumshe ba ruwa ba rana, muka ɗauki al'adar karatu bayan sallar isha'i. Wani ɗan'uwa da ya je ganin gida ne ya sayo mana Magana Jari Ce a Kano, littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Sai mu shimfiɗa tabarma a baranda, ƙarar motocin da ke hawa gadar Awendjé tana tasowa daga nesa, mu karanta labari ɗaya, wani daren biyu. In wuta ta ɗauke, a kunna fitilar waya a ci gaba. Masu sauraro uku ne: ɗanmu na fari mai shekara 15, da 'yar autarmu mai shekara 11, da kakarsu, wadda ba ta yi karatun boko ba amma ta fi kowa ƙyalƙyala dariya.

Makonnin farko an sha wuya. Hausar yaranmu ta cikin gida ce: kawo ruwa, ci tuwo, gaida baƙo. Da aka shiga fada, aka fara jin waziri da barde da dogari da zagi, sai kowane shafi ya zama tambaya goma, muna fassara musu da Faransanci. Amma sannu a hankali tambayoyin suka ragu. Ranar da muka karanta labarin Sahoro da Sahorama, Auta ta riga kakarta fashewa da dariya, ba tare da an fassara mata ko kalma ɗaya ba. Daga wannan daren, in muka tsaya za mu yi bayani, sai ta ce, "Baba, na gane, ci gaba kawai."

Muka shafe fiye da wata biyu a haka. Da littafi na uku ya zo ƙarshe, ruwan farko na damina ya riga ya sauka. Auta ce ta fara lura shafukan da suka rage sun yi ƙaranci. Ta ɗora hannu a kan littafin ta ce, "Baba, a bar shi sai gobe." Da goben ta zo ta ce barci take ji. Yarinyar da ta saba roƙon a ƙara mata labari, ita ce ta yi kwana uku tana neman dalilin da zai hana a karanta. A dare na huɗu muka karanta, muka rufe. Wuri ya yi tsit. Can ta ɗago kai ta ce, "Baba, ina na huɗu?" Muka ce, "Babu na huɗu, Auta. Uku Malam Abubakar Imam ya rubuta." Ta tashi ta shige ɗaki, ko sai da safe ba ta yi mana ba. Abin mamaki, da gari ya waye muka jiyo ta a ƙofar gida tana yi wa 'ya'yan maƙwabta alfahari, wai ta gama littattafai uku cur na Hausa.

Yayanta ya so ya yi mata dariya, sai kunya ta kama shi, domin shi ma ya taɓa shiga wannan hali. Shekara biyu da suka wuce ya karanta littattafai bakwai na Harry Potter, waɗanda marubuciyar nan ta Birtaniya, J. K. Rowling, ta fitar tsakanin 1997 da 2007. Ya karanta su ne a fassarar Faransanci ta Jean-François Ménard, wadda kamfanin Gallimard ya buga. Ya gaya mana ya kwana bai yi barci ba don ɗokin sanin yadda za a ƙare, amma da ya kai shafin ƙarshe sai ya ji kamar an yi masa kwace. Ya ji daɗi mugu ya faɗi, ya ji haushi wasu da yake ƙauna cikin labarin sun mutu, sannan ya yi mako guda duk littafin da ya buɗe sai ya ji shi salam, kamar miya ba gishiri. Mu kuwa a lokacin mun zaci rigimar samartaka ce ta fara.

To, mene ne wannan abu da ke kama yaro idan dogon labari ya ƙare? A ganinmu abubuwa uku ne suke haɗuwa masa a zuciya lokaci ɗaya. Akwai murnar cika buri, irin ta wanda ya kai ƙarshen doguwar tafiya da ƙafarsa. Akwai kewa, domin ya yi watanni yana kwana yana tashi da mutanen cikin labarin, ya san halinsu kamar 'yan ɗakinsu, yanzu ga shi sun tafi ba sallama. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, amma babu mai rai da ya kuɓuta daga gare shi. Na ukun shi ne wanda yaro ba ya iya faɗa da bakinsa: ya lura shi kansa ya canza. Wanda ya buɗe littafi na ɗaya ba shi ne ya rufe na ƙarshe ba. Harry ya shiga labarinsa yana da shekara 11, ya fita yana da 17, masu karatunsa da yawa kuma tare da shi suka girma. Ita ma Auta ta shiga Magana Jari Ce tana neman tafinta, ta fita tana jin barkwancin Hausa da kunnenta. Ban da wannan, ta san in littafi ya ƙare za a iya naɗe tabarmar baranda, kowa ya koma kan wayarsa.

Ba za mu ɓoye muku ba, mu ma iyaye zuciyarmu biyu ta rabu a daren nan. Mun yi farin ciki, sannan tsoro ya biyo baya. Lokacin da yaronmu ya gama nasa littattafan, ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da ke nan Libreville ya nufa, ya tarar da kantoci cike da wasu labaran suna jiransa, bai yi wata guda ba ya sami sababbin abokai. Auta fa? Mun zaga wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Mont-Bouët, mun sami na addini da Larabci, mun sami na makaranta da Faransanci, ba mu dace da ko littafin hira ɗaya na Hausa ba. Yaron da ya ƙare labari da Faransanci, ƙofa ɗaya ta rufe masa ɗari suka buɗe. Wanda ya ƙare da Hausa a wannan gari, in iyaye ba su tashi tsaye ba, iyakar karatun Hausarsa ke nan. Wannan damuwa ɗaya ce ga wanda ya zo jiya daga Maraɗi ko Katsina, da wanda kakanninsa suka zauna Bitam ko Oyem tun shekaru masu yawa.

Da muka rasa amsar da za mu ba ta, sai muka koma ga littafin kansa. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a Zariya a 1981, malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Daga nan Dokta Rupert East ya gayyace shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce a 1936, aka fara buga shi a 1937. Labarai kimanin 80 ne a ciki. Da yawansu ya tsinto su ne daga Dare Dubu da Ɗaya da hikayoyin Indiya da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu riga da rawani har ba ka cewa baƙi ne. Amma ku dubi yadda ya jera littattafan uku. A na ɗaya, aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari dare bayan dare, don ya hana shi fita ya faɗa tarkon da mugun waziri ya ɗana masa. A na biyu, akun ya zama waziri, yana gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar, yana sa shi ya kawo nasa labarin, yana gyara masa. Ashe marubucin ya riga ya amsa tambayar Auta. Bayan an tsare yaro da labari, an nuna masa gwaninta, abin da ya rage shi ne a miƙa masa magana. Da muka faɗi haka, yayanta ya ce ai nasa littafin ma haka ya ƙare: bayan shekara 19, Harry ya zama uba, yana tashar jirgin ƙasa yana raka 'ya'yansa za su tafi makaranta.

Saboda haka muka sayo littafin rubutu na 'yan makaranta, muka rubuta a bangonsa: Na Huɗu. Duk daren Juma'a Auta ce mai ba da labari. Kakarta tana ba ta tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ita kuma tana ƙirƙiro nata. Akun cikin labaranta a Awendjé yake zaune, yana hawa tasi, ya san farashin ayaba a kasuwa. Ta ma kafe a kan cewa akun Sarki Abdurrahman ɗan Gabon ne, tunda aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda ya fi kowane tsuntsu iya kwaikwayon magana, a dazuzzukan wannan yanki yake rayuwa. Ba mu yi mata musu ba. Rubutunta irin na 'yan makarantar Faransanci ne, tana sa ou a wurin u, tana sa ch a wurin sh, ba ta san ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba. Muna nuna mata harafi ɗaya a mako, ba ma yi mata jan biro a kan labari, don kada gyara ya kashe mata sha'awa.

Mun san akwai iyayen da ke ɗar-ɗar da irin waɗannan littattafai saboda maganar sihiri da ke cikinsu, kuma damuwarsu tana da tushe. Sai dai mu tuna Magana Jari Ce ma cike yake da aljanu da bokaye, haka tatsuniyoyin da aka rene mu da su, kuma iyayenmu sun koya mana bambanci tsakanin hira da aƙida. Uban da ya san abin da ɗansa ke karantawa, ya zauna suka tattauna, shi ne zai iya nuna masa wannan bambanci. Wanda ya fizge littafi ya jefar, yaron zai ƙarasa shi a ɓoye, kuma ba zai ƙara kawo masa tambaya ba.

Shawararmu ga iyaye ita ce, in kun ga yaro ya yi jugum bayan ya gama dogon labari, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku yi gaggawar cusa masa wani littafi a hannu. Ku tambaye shi wa ya fi kewa cikin mutanen labarin, da abin da zai canza da shi ne marubucin. Ku bar shi ya koma ya sake karanta inda ya fi so. In ya huce, sai ku kawo na gaba. Ba mu rasa su ba: akwai Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Nisa ne kawai ya shiga tsakaninmu da su.

Don haka muna roƙon duk wanda Allah ya nufa da zuwa gida a bana, ko Kano ko Zariya ko Sakkwato, ya bar wa littafin Hausa ɗaya wuri a jakarsa, kusa da kilishi da daddawa. In gida ashirin suka yi haka, mun sami kanta guda da yaranmu za su riƙa aro a tsakaninsu. Namu ukun suna nan, bangon na ɗaya ya ɗan yage, duk mai so ya aiko a ba shi. Na huɗun ne Auta ta ce ba ta bayarwa, sai dai mai son ji ya zo daren Juma'a ya zauna a tabarma.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa musu albarka. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.